Sun Yi Mini Ta'aziyyarki Kina Raye

Birnin Ƙonni, 14 ga Yuli, 1988

Zuwa ga Saude, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan fari da ke sauka kan gonar da ta gaji da jira.

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi. Wata huɗu ke nan kina gidan yayanki Yari a Tajaye, ni kuwa ina nan kamar rijiyar da aka ɗauke wa guga. Kin ce ba ki dawowa sai na riƙe aiki guda har kaka ban zagi mai ba ni umarni ba. Gaskiyarki ce. Bakina ya fid da ni daga lakwal, makarantar boko, bayan shekara ashirin ina koyarwa, ya kuma fid da ni daga aikin ofis a buro biyu. Don ke na karɓi aikin koya wa yaran Nasara 'yan sa-kai Hausa da zaman ƙauye, kafin a watsa su Bazaga da Malbaza su gina rijiyoyi, su dasa itatuwa. Kwana goma sha ɗaya ina haɗiye fushina. Bari in ba ki labarin na sha biyu.

Da safe shugaban horon, yaron da ni na kama hannunsa ya fara rubutu, ya ce in cire gilashina da takalmina, in sa tsohuwar riga, wai don in yi kama da baƙauye na gaske. Na cire. Na nuna musu yadda ake yankar tuwo da dama, da riƙon buta, da durƙusa wa manya, suna rubutawa kamar wanda ya ga sabuwar dabba. Likitansu ya gargaɗe su, ina tsaye, kada su sha ruwanmu, kuma su wanke hannu in sun gaisa da mu. Da Faransanci ya faɗa, yana zaton ban ji ba, ni da na fi shi iya harshen. Raina ya ɓaci, amma na tuna ki, na ci gaba da darasi.

Bayan azahar aka ce za a koya musu ta'aziyya. Aka shimfiɗa tabarma, aka ba ni tasbaha, aka ce in sunkuyar da kai. Sai shugaban ya shaida musu wai matata ta rasu jiya, ya kuma ambaci sunanki. Sunanki, Saude! Ya san shi ne don ya sha cin tuwonki yana ɗalibi. A wace ƙasa ake wasa da mutuwar mai rai? Wace uwa ta haife shi ba ta gaya masa baki yana da kaifi ba?

Suka jeru da littattafansu. Kowa ya durƙusa, ya roƙa miki rahama da karyayyen harshe, ya tashi ana tafa masa. Wani ya manta kalmomin ya fashe da dariya, aka ce ya sake. Sau biyu ya binne ki. Mutum shida na amsa wa da amin, kuma wannan amin ita ce abin da na fi ƙyama a duk rayuwata, fiye da su, fiye da shugabansu.

Ta bakwai wata yarinya ce siririya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta faɗi kalmomin daidai, a hankali, idonta ya kawo ruwa, wataƙila ta taɓa rasa nata. Nan na ga ɗakinki a rufe har abada. Na tuna ranar da kika fara rubuta sunanki a ajin manya na Badagishiri, kika karya alli don ƙarfin riƙo, kika rufe fuska da mayafi kina dariya, muryarki kamar kurciya a kan rumbu. A ce wannan murya ta ɗauke, ni kuma ina zaune ina amsa amin don a ce na iya aiki?

Na miƙe. Na gaya wa shugaban abin da ya dace da shi a gaban baƙinsa, cikin harsuna biyu, na fito ba takalmi.

To, na karya sharaɗinki, ya hasken gidana. Kaka da saura, aiki ya tafi, kuma ba zan ce miki na yi nadama ba. Ran Juma'a zan zo Tajaye in tsaya a ƙofar Yari. In kin yafe, ki fito mu koma gida. In ba ki yafe ba, ki leƙo ko ta kan danga ce, ki zage ni da ƙarfi yadda zan ji da kunnena. Bayan abin da aka sa ni amsawa yau, ko wannan ya ishe ni.

Naki, ko kin dawo ko ba ki dawo ba, har ranar da za a yi miki tawa ta'aziyyar,

Alhasan