Na Yanka Gwadon Baba

Cikago, Amurka
Asabar, 17 ga Janairu, 1948

Zuwa ga Mma Hawawu a Salaga,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Yaya ƙafar taki? Yaya Asiatu da jaririnta? Hudu, idan kana karanta wa Mma wannan, kada ka tsallake komai.

Ina lafiya. Na gama karatun haɗa magani, ranar Laraba zan fara aiki a wani asibiti, tafiyar minti arba'in a ƙasa. A nan jarida takan faɗi yanayin kwanakin da ke tafe. Ta ce Litinin da Talata ƙanƙara za ta zuba kamar audugar rimi, Laraba kuma iska za ta taso da sanyin da ke daskarar da ruwa a buta. Tsohuwar da nake zaune a gidanta ta taɓa kwat ɗina ta ce, "Ɗana, da wannan rigar, a matsayin majinyaci za ka isa asibitin, ba ma'aikaci ba."

Mma, na yanka gwadon marigayi Baba. Na san na yi miki alkawari zan dawo da shi yadda kika ba ni. Sau uku na auna kafin na sa almakashi. Tsohuwar ta ɗinka mini taguwar ciki da abin rufe kunne. Saura kamu ɗaya da rabi, na ninke na adana, ko zare ban yar ba.

Wasiƙar nan za ta yi mako biyar a hanya, kafin ta iso Larabar ta daɗe da wucewa. Duk da haka ki yi mini addu'arta, kuma ki yafe mini. Ɗazu na gwada taguwar. Har yanzu tana ƙanshin ɗakinsa.

Ɗanki,
Gariba