Kifin Da Ban Yanka Ba

Nosi Be, Madagaska

Adda Safiyatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da ciwon ƙafarta? Ya yaranki? Ni lafiya lau, sai kunnena na hagu da ke zubar da ruwa tun watan jiya, amma kada ki gaya wa Inna.

Raina a ɓace yake. Abokina Salim ya ce Baba na yawo da bidiyona a mayankar Garwa, yana nuna wa 'yan'uwansa mahauta ɗansa da ya haukace: kifi kamar maraƙi ya gifta gabansa, shi kuwa sai kallo. Haba! Aikina ke nan! In goya tukunyar iskar shaƙa in nitse a teku da baƙi cikin duwatsun murjani, su ga kifin da ransa. Wanda ya taɓa shi, korarsa ake yi. Shekara biyu ina shan ruwan gishiri kafin na samu takardar shaidar aikin nan, sakayyata dariya?

Ki aiko mini kilishi. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma ki gaya masa, tun kakanninmu mahauta, ni kaɗai ne dabba ta taɓa nufowa da kanta ba igiya.

Ƙaninki,
Lukmanu