Baba Ya Koma Bayan Inji

Laraba da dare, Haɗeja

Yau Alhajin Kano da ke son mu riƙa casa masa shinkafa ya zo. Na share gaban inji tas, na jera buhuna, shi kuwa ko kallo bai yi ba. Cewa ya yi, "Mu je in ga baya."

Da bara ne, da kunya ta kashe ni. A da can muke ƙona ɓuntu, mu saki ruwan gumin shinkafa ya gangara kogi, masunta su yi ta zaginmu. Ƙanwata Hadiza ce ta ishe ni da tsarinta na kula da muhalli, har takarda ta manna a bango: ɓuntu ya maye gurbin itace a murhu, toka a ba manoman Auyo, ruwa ya kwana a rami ya lafa. Duk Asabar sai an duba an rubuta. Sau nawa na ce mata, "Ke, nan ba makaranta ba ce!" Allah ya yafe mini.

Alhaji ya zaga, ya karanta takardar, ya ce mu fara aiki ranar Litinin.

Amma Baba nake ta tunani. Shekara uku rabonsa da injin da ya kafa da hannunsa, don hayaƙi na tayar masa da tari. Da la'asar Hadiza ta kawo shi. Ya zauna gindin tsamiyar baya, ya ja numfashi, ya ce, "Sani, ashe har yanzu ana jin ƙamshin shinkafa a nan."

Na yi ta kasa kunne. Ko sau ɗaya bai yi tari ba.

Gobe zan kai masa tabarmarsa can.