Nasiru, Zo Ka Mayar da Soket ɗin Inna Inda Ka Sa Shi

Zuwa ga ƙanena Nasiru, a Fatakwal ko duk inda aiki ya kai ka yanzu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai tun a farko don kada ka karanta da faɗuwar gaba: Inna lafiyarta lau. Tana ci, tana sallarta, tana faɗa. Wayar hannunta da ka yi Juma'a uku kana kira kana jin ta a kashe, ba lalacewa ta yi ba, ba kuma sace ta aka yi ba. Tana nan ƙarƙashin matashinta, babu caji. Ni ne sanadi, shi ya sa na zauna rubutu.

Na rubuta a nan inda kowa ke gani ne saboda shekara huɗu ke nan da ka toshe lambata. Amma na san kana leƙo shafin nan. Ranar da na sa hoton ɗakin Inna bayan na gama gyara, sunanka ya fito cikin waɗanda suka danna alamar so, kafin in gama murna ka janye. Ɗan kasuwa ne ni, Nasiru. Na san mai sayen da ke taɓa kaya ya ajiye ya yi gaba, alhali idonsa na baya.

Ga yadda aka yi, ba ƙari, ko da yake ka san barin ƙari yana ba ni wuya.

Da rani, bayan na gama kwasar albasa a Aliero, na ce bana sai ɗakin Inna ya zama ɗaki. Ban kira magini ba, ban kira mai gyaran wuta ba. Bidiyo na kalla kwana biyu, wani mutum yana saka soket cikin minti biyar yana murmushi. Na ce in dai wannan ne aikin, to an daɗe ana raina mana wayo a Jega. Na fitar da gadonta da akwati da kwanonin jere, na mayar da ita ɗakin matata. Na kankare tsohon yaɓe, na shafe bangon ƙasar nan da siminti ciki da waje, na buga fenti shuɗi, na shimfiɗa sabuwar leda.

Sai na zo kan aikinka. Wayoyin wutar da ka bi da su a fili a jikin bango, ka danne da 'yan ƙusoshi a jere, da soket ɗin da ka kafa daidai ƙirjin mutum. Duk na ɓamɓare. Na ɗauki kurfi da guduma na tsaga bango tun daga sama har ƙasa, na tura waya ciki tsirara, ba bututu ba komai. Da ta gaza tsawo sai na haɗa ta da wata, na naɗe mahaɗar da salatif, na mayar da siminti a kai. Soket kuwa na sauke shi taƙi ɗaya daga ƙasa, kusa da kan gadonta, yadda na gani a masaukin baƙi a Legas.

Kada ka ce burga ce kawai. Akwai burga, ban musa ba. Amma gwiwar Inna ba irin wadda ka bari ba ce. Na sha ganin ta tana dafa gado, ta dafa akwati, kafin ta miƙe ta kai hannu soket ɗinka don ta sa fanka. Na so ta riƙa miƙa hannu daga zaune.

Ranar da ta koma ɗakin, ta dubi bango sama da ƙasa, ta ce, "Mai Albasa, ina igiyoyin Auta?" Na ce mata zamani ya wuce su.

Igiya. Kai da ni mun san inda kalmar nan ta fito. Safiyar sunan 'yata ta fari, ƙofar gida cike da mutanen kasuwa, lasifika ta ɗauke, aka ce a kira Nasiru. Kana tsugune kana lalube, ni kuma bakina ya ga taro. Na nuna wayoyinka na jikin bango na ce, "Shekara uku a Birnin Kebbi ana koyon aiki, ashe igiyar shanya aka koya mishi." Aka kwashe da dariya har da masu goro. Ka gyara lasifikar, ka miƙe, ka ce a hankali, "Yaya, bangon ƙasa na shan ruwa, ba a ɓoye mishi wuta." Ban ma saurara ba, ina can ina karɓar tafi. Bayan kwana bakwai ka ɗauki jakar kayan aikinka ka hau mota.

To, damina ta sauka. Ruwan farko, na biyu, ba komai. Da ruwa ya zauna sosai sai na ga fentin ƙasan bango ya fara kumbura, wani duhu yana hawa har kusan gwiwa. Na ce fentin ne ba shi da kyau, na zagi wanda ya sayar mini.

Wata la'asar Inna ta yi alwala ta shigo, hannu jiƙe, ƙafa jiƙe, ta dafa bango kusa da soket ɗin za ta tayar da salla. Ina tsakar gida na ji salatinta. Na iske ta zaune daɓas a ƙasa tana riƙe da hannun dama, tana cewa, "Bangon ga ya cije ni." Na ruga na zare fiyus na gidan gaba ɗaya. Yini biyu hannun yana mata nauyi, daga baya ya sake. Likita ya duba ya ce an yi arziki. Da na ɗauko tasta, abin gwada wuta, na mayar da fiyus don in gani da idona, na dangwala ta a jikin fentin da ya jiƙe, sai ta kawo ja. Bango, Nasiru, ba soket ba.

Abin da ya fi cina shi ne, ni ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya yi wannan kuskure. Shekara nawa ina ɗaga albasa daga ƙasa, ina jera ta a kan rudu, gadon kara, don iska ta ratsa ta? In na ga baƙo ya zube buhu a ƙasa da damina, wa'azin danshi nake yi masa kyauta. Na san danshi daga ƙasa yake hawa, na san abin da aka toshe wa iska ruɓewa yake. Albasa na yi wa wannan gatan, ɗakin uwata kuma na liƙe da siminti na binne wuta a inda ruwa ke kwana.

Na yanke layin ɗakinta daga sama, na mayar wa sauran gida wuta. Washegari na ɗauko mai gyara daga nan Jega. Inna ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta gaishe shi, ta tambayi iyalinsa, ta sa aka kawo masa fura, ta sallame shi. Na ce ko don ɗan gari ne. Na hau babur har Maiyama, ƙanwata Balkisu ta haɗa ni da wani dattijo da ake yabo. Shi ma fura ya sha. Da na matsa, Inna ta dube ni ta ce, "Wanda yas sa wutar ɗakin ga tun farko, shi zaka shi gyara abinai."

Na ce to ta ba ni wayar hannun in sa mata caji a ɗakina. Ta tura ta ƙarƙashin matashi ta kwanta a kai. Da ka kira Balkisu hankali tashe, ta zo Jega musamman ta miƙa wa Inna wayarta ku gaisa, ka dai ji da kunnenka abin da ta ce daga nesa: "Ba ni magana da wayar aro. In shina son muryata, ya san ƙofa."

Sai a lokacin na gane. Shekara ashirin ina ciniki, na ci Yarbawa, na ci mutanen Kwanni, ban taɓa haɗuwa da mai riƙe kaya irin tsohuwar nan ba. Ta ga abu ɗaya da kake saye a wurinta duk Juma'a, ta rufe shago, ta ce sai dai ka zo da ƙafarka. Kuma da jikinta take biya. Ɗakin babu fanka, ga zufar damina, ga warin danshi, ga sauro. Ta ƙi komawa ɗakin matata. Tana zaune da mafici tana jan carbi, tari ya fara kama ta da safe. Wannan tarin ne ya hana ni sakat.

Ba na iya zama a rumfa. In je Aliero in ji kamar ana kira na a gida, in dawo gida in tsaya ina kallon bango, in sake fita. Shekaranjiya na haɗa wa wani mai saye manya da ƙanana a buhu ɗaya, ya ce, "Lawali, lafiya kuwa?" Duk motar Kudu da ta tsaya a tasha sai na rage tafiya ina duba masu sauka, kamar wanda ya yi aike.

Abin da zan iya na yi. Na sa guduma na farfashe simintin nan daga ƙasa har ƙugu, ciki da waje, don bango ya sha iska. Shuɗin fentin da aka yi ta yabo a nan yana tsakar gida a tare, wanda ya yaba ya zo ya ɗiba. Wayar da na binne ban taɓa ba, kuma ba zan taɓa ba. Taka kuwa ban zubar ba, tana nan a naɗe cikin buhu tare da tsohon soket ɗinka. In ka shafa fentin da yatsa za ka ji ramukan ƙusoshinka a jere, daidai ƙirji.

A gaban taro na yi maka, don haka a gaban taro nake janyewa. Mutanen kasuwar da suka yi dariya ranar, da yawansu suna karanta wannan, har wanda ya fi kowa tafi. Ku ji: ba igiyar shanya ba ce. Shekara takwas wayoyin yaron nan suna jikin bangon ƙasa, damina takwas, ba su taɓa jan ko ƙadangare ba. Nawa aikin wata huɗu ya yi ya kayar da uwarmu. Nasiru, ka yafe mini. In ba ka so, kada ka gaishe ni, ka wuce ɗakinta kai tsaye. Zan riƙe maka tsani in kama bakina, ka kuwa san wanne ya fi mini nauyi.

Jibi Juma'a ta huɗu. Kada ka kira, a kashe za ka ji ta. Jiya na ga Inna ta sa an wanke kwanon da kake cin tuwo a ciki, ta kife shi a kan akwati. Ban tambaye ta ba.

Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya ɗauke mata tarin nan. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya sanyaya zuciyarka a kaina, Ya shirya mini harshena. Amin.

Wassalam.
Yayanka Lawali Mai Albasa, Jega.