Baba Ya Miƙa Masa Ƙoƙon Mate

Yaya Delfina,

Kina barci aka yi abin! Wata biyar Baba yana tsallake Efraín ɗina in ana zagayawa da ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu na gargajiya, wai mashayin gahawa ba zai zama surukinsa ba. Yau da safe sai ya miƙa masa!

Bawan Allah ya rikice, ya kama bututun zuƙar yana juya ganyen kamar da cokali. Na ce shi ke nan, aure ya fasu. Baba ya harare shi, ya ce, "Zuƙa ake yi, ɗana, ba a motsawa."

Ɗana fa, Yaya!

Ni da Efraín mun tafi duba zoben aure. Gahawarsa da nake ɓoyewa bayan tukwane don kada Baba ya gani, ki shanye abinki.

Itatí