Kada a ƙara kiran Auta gaban baƙi

Umma,

Na wuce gareji, ban tashe ki ba.

Jiya da Abba ya tsayar da Auta ta yi wa baƙinsa lissafi da ka, ta kakare, ni na fara dariya. Har da cewa, "Farfesa, yau batir ya mutu?" Shi ya sa ta yi jifa da tiren, ba rashin kunya ba ne. Ɗazu na tarar da ita bayan tankin ruwa tana amai, tana maimaita lissafin. Na kasa haɗa ido da ita.

Don Allah ki lallashi Abba ya daina kiranta gaban mutane. Tun da na bar makaranta, kayan mutum biyu ita kaɗai aka ɗora wa.

Ɗanki