Minti Shida a Dandamali na Uku

Litinin, 18 ga Fabrairu
Ƙanƙara tun safe. Jirgin ƙasa na layin duwatsu ya shigo sha biyu da minti huɗu, kamar kullum. Fasinjoji suka yo kan rumfata, kowa ya zuƙe taliyarsa a tsaye kafin jirgin birni ya iso. Shinji ne direba. Minti shida yana zaune a kan jirgi, bai waiwayo ba. Ɗan da na haifa.

Alhamis, 21
Kuniko mai jarida ce ta fesa min. Daga sha shida ga Maris an mai da Shinji babbar tasha, ba zai ƙara biyowa ta nan ba. "Au, bai gaya miki ba, Yaya Fusae? Kai, ku dai taurin kanku iri ɗaya!" Bakinta ba ya rufuwa.

Lahadi, 3 ga Maris
Shekara uku ke nan. Ya tashi jirgi saura daƙiƙa arba'in lokaci ya cika, aka ba fasinjoji haƙuri ta lasifika. Washegari na ɗauki kwalin alewa na je ofishin shugaban tasha, na sunkuya har kaina ya kusa taɓa gwiwa ina ba da haƙuri a madadinsa, gaban abokan aikinsa. Wace uwa ce ba za ta yi ba?
Abin da ya ce kawai: "Inna, shekarata arba'in da ɗaya."
Tun daga ranar ba mu sake gaisawa ba.

Juma'a, 8
Romo ya yi gishiri. Ba wanda ya yi ƙorafi.

Talata, 12
Ban yi laifi ba. Shi ne ƙarami, shi zai zo.

Juma'a, 15 ga Maris
Na rufe rumfa da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba cikin shekara talatin. Kuniko ta leƙo: "Lafiya? Wa ya mutu?" Na ce asibiti za ni.
Na yanki tikitin jirgin Shinji. Ina kujerar da ke bayan gilashin direba, jirgi na jijjiga, rubutun duk ya karkace. Ba a yarda ya juyo ba yana tuƙi. Yana nuna kowace danja da farar safar hannu, yana faɗa da ƙarfi: "Hanya a buɗe!" Muryar ta yi kauri. Ashe har furfura ta fito masa a ƙeya, ban sani ba.
Saura tasha huɗu. Wai duwatsu na zo gani.
Ban san yadda uwa ke fara ba ɗanta haƙuri ba.